Shafin da Ban Karanta Musu Ba

Batouri, 9 ga Janairu, 2004

Zuwa ga Kawu Zéphirin,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Ina fatan kana lafiya, da Mama Honorine, da ƙannena, da duk mutanen gida. Yaya sanyin Dschang?

Na iso Batouri ranar Talata da ƙarfe huɗu da rabi na yamma, bayan kwana biyu a hanya. An ba ni ɗaki a bayan asibiti. Aikina auna yara da koya wa iyaye mata yadda za su haɗa musu abinci. A nan babu mai ce mini likita, kuma hakan ya yi daidai, tunda ilimin abinci da lafiyar jama'a na karanta.

Ka sake yi mini godiya ga Papa Anaclet, shugaban ƙungiyarku ta Biyu-da-Nema, da duk tsofaffin 'yan ƙwallon, bisa walimar da suka yi mini ranar 28 ga Disamba. Sun bar ni na auna hawan jininsu wata huɗu don kundin kammala karatuna, sannan suka yanka mini akuya. Ban san da wane baki zan gode ba.

Kawu, akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun a mota. Ka tuna bayan an tashi wasa, aka zauna a rumfar Mami Clotilde mai sayar da giya, Papa Anaclet ya ce tunda na gama auna su, in faɗa musu ko giya tana gyara jiki ko ɓata shi take yi. Da yake wanda ba ɗan ƙungiya ba ba ya magana sai wani ɗan ƙungiya ya tsaya kusa da shi har ya gama, kai ka miƙe ka tsaya mini, da kwalbar lemonka a hannu. Na ce a cikin mutanen da na auna, masu shan kwalba biyu ko ƙasa da haka jininsu bai kai na waɗanda ba sa sha hawa ba. Aka yi tafi, na zauna.

Lambobin da na faɗa haka suke a shafi na talatin da ɗaya. Sai dai maganar tana da sauran bayani. Ina roƙonka kada ka ɗauke ta a kanka. Ka ci gaba da lemonka da ƙwayar hawan jininka kamar yadda likita ya ce maka a watan Afrilun bara. Idan ka sami sarari, ka duba shafi na arba'in da bakwai a kundin da na bar maka a kan kabad.

Direban da zai kawo wannan takarda yakan juyo duk ranar Alhamis. Ka gaishe da Mama Honorine.

Ɗanka,
Landry Temgoua


Dschang, 26 ga Janairu, 2004

Babana, likitan likitoci,

Na gaishe ka, na kuma gaida yaran da kake aunawa. Takardarka ta zo. Mu duk ƙalau. Ka ce a can ba sa ce maka likita. To su suka sani. Sunan ubana kake ɗauke da shi, shi kuwa tsohon ko karatun farko bai yi ba amma duk unguwa wurinsa ake kawo targaɗe.

Wai kada in ɗauki maganarka a kaina. In ban ɗauka ba wa zai ɗauka? Ni na tsaya maka. Wata takwas, Babana, wata takwas ina zaune a ƙarshen benci, ni da Josué wanda cocinsu ta hana shi sha, da Papa Maurice mai ciwon suga, da sauran gajiyayyu. Ka san abin da tsarana Sylvestre yake kiran wurin? Ɗakin masu jego. Duk Lahadi sai ya ɗaga murya ya ce Mami Clotilde ta kawo wa Zéphirin lemonsa a bulunboti. Ni da na tsare wa ƙungiyar nan raga shekara goma sha tara. In ana maganar wanda zai buga ko wanda za a ci tara, kafin ta iso ƙarshen benci an riga an yanke.

Yanzu na koma kujerata, tsakanin Sylvestre da ma'aji. Ranar da na koma, Sylvestre ne ya buɗe mini kwalbar farko da haƙorinsa, wanda ya rage masa. Jiya na tare fenareti. Ba labari aka ba ni ba, ni na tare. Na faɗi ta dama kamar ɗan shekara ashirin, na tashi ba wanda ya kama ni. Sylvestre ya ce ƙwallon ce ta ji tausayina, na ce masa ƙafarsa ce ta tsufa ta bar shi.

An shigar da maganarka a littafin ƙungiya. Mami Clotilde ma ta sa an rubuta ta da alli a jikin bango: "Kwalba biyu, in ji likita." Dokar Landry ake ce mata. Har 'yan ƙungiyar unguwar Foto sun zo wasan zumunci sun kwafa sun tafi da ita. Da ka ga yadda ake nuna ni ana cewa kawunsa ke nan.

Kada ka damu, biyu nake sha, ba na wucewa. Shafin da ka ce kuwa, tabarauna ya karye a ƙafa ɗaya, sai an gyara. Ai abin da ke ciki ka riga ka faɗa mana da bakinka.

Honorine ta ɗaure maka koki, alalen waken nan nata, guda shida da garin rogo. In koki ya iso da tsami, laifin direba ne. Ka ci abinci, ka daina tunani, tun kana yaro haka kake, sai ka ƙirga matakala kafin ka hau.

Ɗanka kuma kawunka,
Zéphirin, gola


Dschang, 16 ga Fabrairu, 2004

Landry,

Ina gaisuwa. Yara suna gaishe ka. Yau ba zan ce maka surukina ba, don ba wasa ya sa na ɗauki biro ba. Kawunka bai san na rubuto ba.

Ya ce maka biyu yake sha. Ba ƙarya ya yi ba a lissafinsu. Kai da ka zauna da su wata huɗu ka fi ni sanin cewa wadda mutum ya saya da kansa ita yake ƙirgawa. Wadda Sylvestre ya turo masa ba a ƙirga ta. Wadda shugaba ya sa aka ajiye wa gola don ya tare ƙwallo ba a ƙirga ta. Wadda aka ci kyauta a ƙarƙashin marfin kwalba ma ba ta cikin lissafi, wai sa'a ce. Kuma ba a mayar da kwalbar da tsara ya ajiye a gabanka. Jiya da zan wanke wandonsa na sami marfi shida a aljihu.

Ba Lahadi kaɗai ba ce yanzu. Laraba akwai atisaye, Juma'a kuma wai ana tattauna wasan Lahadi. Ya ƙara huda ɗaya a bel ɗinsa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙwayar. Ya ce magani da giya ba sa haɗuwa a ciki ɗaya, don haka duk ranar da zai sha sai ya bar maganin. Ka lissafa da kanka. Na roƙi maƙwabciyarmu nas ta auna jininsa ranar Asabar, ta ce sha takwas bisa sha ɗaya, wato ɗari da tamanin bisa ɗari da goma. A Disamba sha huɗu bisa tara yake, kai ka auna.

Ba shi kaɗai ba. Papa Maurice ma ya bar ƙarshen benci. Matarsa ta tare ni a kasuwa ta tambaye ni ko ɗanmu ya san mijinta yana da suga. Na yi kamar ina gyara ganyen koki.

Da na yi wa kawunka magana, ya tambaye ni wace jami'a na yi. Shekara talatin da ɗaya muna tare bai taɓa yi mini wannan tambayar ba.

Ni ban yi jami'a ba. Shi ya sa nake tambayarka, kuma ka amsa mini yadda mai sayar da koki za ta gane. Abin da ka faɗa musu gaskiya ne ko ba gaskiya ba ne? In gaskiya ne, in yi shiru in ba shi haƙuri.

Allah ya tsare ka.

Honorine


Batouri, 25 ga Fabrairu, 2004

Zuwa ga Mama Honorine,

Ina gaishe ki da girmamawa. Takardarki ta same ni ranar Asabar. Wannan ce amsa ta huɗu da na rubuta, ukun farko na yaga su domin a cikinsu ina ta neman hanyar kare kaina.

Amsar tambayarki: lambobin gaskiya ne, amma abin da na bar su suka fahimta ba gaskiya ba ne, kuma na san haka a lokacin da nake tsaye.

Ga yadda abin yake. Mutum arba'in da ɗaya na auna. Tara sun ce suna shan fiye da kwalba biyu, ashirin da huɗu sun ce biyu ko ƙasa, takwas ba sa sha. Da na haɗa na raba, jinin masu shan biyu ya tashi wajen sha huɗu, na marasa sha ya kusa sha shida. Wannan shi ne shafi na talatin da ɗaya. To amma su waye takwas ɗin nan? Biyu ne kawai ba su taɓa sha ba. Sauran shidan sun sha shekara da shekaru, ciwo ne ya sa likita ya hana su. Wato ba barin giya ya sa su rashin lafiya ba, rashin lafiya ce ta sa suka bar giya. Kamar a ce mutum ya shiga asibiti ya ga duk masu kwance ba sa zuwa gona, sai ya fito yana cewa rashin noma ke kwantar da mutane. Idan aka cire shidan, saura mutum biyu, kuma ba a yanke hukunci da mutum biyu. Malamina ya nuna mini wannan, na rubuta shi da hannuna a shafi na arba'in da bakwai.

Mama, Kawu yana cikin shidan. Awon farko da na yi masa, lokacin bai daɗe da fara magani ba, yana cikin waɗanda suka ɗaga lissafin marasa sha. Da jininsa na gina maganar da ta mayar da shi kan giya.

Maganar ƙirga kwalba ma na san ta. Lahadi goma sha ɗaya na zauna a rumfar nan ina lura. Akwai wanda ya rubuta mini biyu, na ƙirga masa biyar da idona. Ita kanta kwalbar tamu babba ce. Abin da littattafai ke kira sha daidai-wa-daida ga namiji mai lafiya bai wuce kwalba ɗaya irin tamu ba, ko kusa da haka, kuma ko shi masana ba su daina gardama a kansa ba. Abin da ba a gardama a kai shi ne giya in ta yi yawa tana ɗaga jini, tana ƙara teɓa, kuma bayan gudu ba ta mayar da ruwan da jiki ya zubar kamar yadda ruwa ke yi. Gola kuwa ba ya gudun da zai ƙone ko kwalba biyu. Ga mai hawan jini irin na Kawu, ko mai suga irin Papa Maurice, babu littafin da na karanta da ya ce ya koma sha don neman lafiya. Barin ƙwayar kuma ya fi komai haɗari. Ki ce masa ni na ce, ko zai sha ko ba zai sha ba, kada ya tsallake ta ko rana ɗaya.

Za ki tambaye ni me ya hana ni faɗin haka a ranar. Na shirya faɗa. Shafin yana aljihuna a naɗe. Na fara da lambobin ne da niyyar in ce "amma". Kafin in kai ga "amma" sai tafi ya ɓarke. Sylvestre ya hau kan kiret ɗin giya yana kiran sunana. Papa Anaclet, wanda tun ina ɗan shekara tara bai taɓa kirana da komai ba sai "yaron Zéphirin", ya kama hannuna da hannu biyu ya ce mini likita. Na waiwaya na ga Kawu yana dariya har da hawaye. Tun rasuwar mahaifina da kuka ɗauke ni ban taɓa ganin an yi masa tafi saboda ni ba. Na ji daɗi. Ba tsoro ba ne, ba mantuwa ba ce, daɗi na ji, na zauna. Na ce wa kaina zan yi bayani in an lafa, aka kawo nama. Na ce gobe, gobe na shiga haɗa kaya. Daga nan na rubuto wa Kawu takarda mai kewaye-kewaye, na tura shi ga wani shafi maimakon in ce masa na yi kuskure.

Ni da ke gyara wa mutane in sun ce ƙarfe huɗu alhali huɗu da minti biyar ne. A nan kullum ina faɗa wa iyaye mata kada su ɓoye mini abin da yaro ya ci. Jiya wata ta ce mini ita ba ta yi wa ma'aikacin asibiti ƙarya, na kasa haɗa ido da ita.

Ki karanta wa Kawu wannan takarda duka, kada ki tsallake komai don ki rufa mini asiri. Ki kai wa matar Papa Maurice ita ma. Ba ke za ki ba da haƙuri ba. Ki yafe mini tambayar da aka yi miki saboda ni.

Ɗanki,
Landry


Dschang, 24 ga Maris, 2004

Surukina,

Ina gaishe ka. Ka zauna kafin ka ci gaba da karantawa. Kawunka yana da rai, yana magana, yana cin abinci. Na fara da wannan don na san halinka.

Takardarka na karanta masa tun ranar da ta zo, tun daga gaisuwa har sa hannu. Ya ɗauki rediyonsa ya fita tsakar gida. Daga ranar ya bar zuwa Laraba da Juma'a, ƙwayar ma ya koma sha, sai dai ban da Lahadi. Na yi faɗa, na yi lallashi. Ya ce maganarka tana cikin littafin ƙungiya, shi ya tsaya maka aka karɓe ta, in aka wayi gari aka gan shi da lemo a ƙarshen benci, ya ƙaryata ɗansa a gaban mutane ke nan. Matar Papa Maurice ta karanta wa mijinta, ya ce takardar da aka karanta a kicin ba ta goge abin da aka faɗa a taro.

Ranar Lahadin nan, 21 ga wata, ana tsakar wasa aka bugo masa wata ƙwallo marar ƙarfi ta hannun dama. Sylvestre ya ce ko kaza za ta tare ta. Hannun bai ɗaga ba. Ƙwallo ta shige, suka fara yi masa tsiya, sai suka ga bai juya ya ɗauko ta ba, ya jingina da ƙarfen raga, bakinsa ya karkace. Sylvestre ne ya ɗauke shi a motarsa, da takalmin ƙwallo a ƙafa, yana tuƙi yana kuka. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, amma da sauƙi, an zo da wuri. Hannun dama da ƙafar dama ba ƙarfi. Maganar ta dawo jiya, tana ɗan ja. Na tambayi likita ko giyar ce, ya ce jinin ne, kuma jinin abubuwa da yawa suka taru suka ɗaga shi.

Jiya da rana ina ba shi kunu ya ce in rubuto maka wani abu, kuma in rubuta yadda ya faɗa. Ga shi:

"Ki ce wa Babana tabarauna bai karye ba. Na karanta shafin tun makon da ya tafi. Na ga kaina a ciki, lamba goma sha bakwai, shekara hamsin da takwas, ya bar sha bisa umarnin likita. Na gane sarai. Kujerata nake so. Da ya ba ni ƙofa na shige, da ya zo rufewa na sa ƙafa."

Na ce masa to maganar kare ɗansa fa? Ya ce ita ma gaskiya ce, amma ta zo daga baya, kuma ta yi masa amfani. Sannan ya juya fuska bango ya ce in yafe masa maganar jami'a. Na ce ya sha kununsa.

Da na tashi fitowa daga gida na ɗauko masa kundin daga kan kabad don ya ce yana so. Shafin a lanƙwashe yake, da tabon manja a gefe.

Kada ka baro aikinka a guje, ba ka cika wata uku ba. 'Yan ƙungiya suna zuwa dubiya bibbiyu. Rubutun allin yana nan a bango. Papa Maurice ya zo jiya, ƙafarsa a kumbure, yana cewa gajiya ce ta kayar da gola.

Allah ya ba mu lafiya.

Mamanka,
Honorine


Batouri, 2 ga Afrilu, 2004

Zuwa ga Kawu Zéphirin,

Ina gaishe ka, ina yi maka sannu. Yaya jikin? Allah ya ƙara sauƙi. Mama za ta karanta maka, ko kuwa ka karanta da kanka, tunda tabarau lafiyarsa ƙalau.

Na ji saƙonka. Na gode, amma bai sauke mini komai ba. Kai ka karanta shafin, Papa Maurice bai karanta ba, 'yan Foto ma ba su karanta ba. Na yi ta ƙoƙarin lissafa kashi nawa na ciwonka nawa ne, kashi nawa na shekaru ne, kashi nawa na ƙwayar da aka tsallake. Ba ya lissaftuwa. Abin da na sani shi ne a Disamba kana sha huɗu bisa tara da lemo a hannunka, sai na buɗe baki.

Na nemi izinin kwana biyar, an ba ni. Zan iso ranar Juma'a 23 ga Afrilu, ina so in tsaya gaban ƙungiya ranar Lahadi 25. Na san ƙa'ida. Maganar da aka faɗa a tsaye, a tsaye ake janye ta, kuma mai janyewa yana ajiye kiret ɗaya na giya a matsayin tara. Na kwana biyu ina juya wannan, in shigo da giya kwalba goma sha biyu don in ce kada marasa lafiya su sha. Za su yi dariya, Sylvestre zai sa mini sabon suna, kuma daga ranar ba mai sake ce mini likita. Na yarda. In ban bi ƙa'ida ba, ba za a soke ta daga littafi ba, Papa Maurice kuwa littafin yake bi.

Ba zan ce musu su daina zama a rumfa ba, ba ni da wannan hurumin. Zan faɗi su waye takwas ɗin ba tare da kama suna ba, in faɗi girman kwalba, da kwalaben da ba a ƙirgawa, da maganar ƙwaya. Zan kuma ce na san duk wannan a ranar walima na yi shiru. Na rubuta jawabin, na gwada shi sau uku da agogo. Minti goma sha ɗaya ne.

Saura wanda zai tsaya mini. Na san ba za ka iya ba, kuma ko za ka iya, ba ni da fuskar da zan sake roƙonka. Na yi tunanin Josué. In ka amince, Mama ta yi masa magana.

Ka riƙa motsa yatsun kamar yadda aka nuna maka, ko da ba ka ga suna amsawa ba.

Ɗanka mai neman gafara,
Landry


Dschang, 13 ga Afrilu, 2004

Babana,

Na gaishe ka. Da hagu nake rubutu, ka yi haƙuri da shi.

Josué ba zai tsaya maka ba. Ni na tsaya ranar da ka faɗa, ni zan tsaya ranar da za ka janye.

Ina gwadawa a tsakar gida, ba sanda, ba jingina. Honorine ke riƙe agogo, kuma ba ta ƙara mini ko daƙiƙa. Jiya na yi minti huɗu.

Sha ɗaya ya yi yawa. Ka mayar da shi biyar. Ina da kwana goma sha biyu in nemo ɗayan.

Kada ka fara da lambobi, za su yi tafi. Ka fara da "amma".

Sai ka zo.

Zéphirin